Araba Otuwa Bentsil da Modem Goma Sha Huɗu

Haihuwa da asali

An haifi Araba Otuwa Bentsil a garin Saltpond ranar Talata, tara ga watan Maris na shekarar 1948, a gidan kakarta ta wajen uwa. Mahaifinta, Egya Kwesi Bentsil, mai gyaran agogo ne da ke da rumfa a bakin tasha, mahaifiyarta kuwa, Maame Esi Tawiah, sana'arta bandar kifi. Ita ce ta uku cikin 'ya'ya bakwai, kuma tun tana ƙarama aka shaide ta da kaifin kunne, har mahaifinta yakan kara mata agogo a kunne domin ta faɗa masa ko gudu yake yi ko jinkiri, kafin ya buɗe bayansa.

Neman ilimi

Ta shiga makarantar mishan ta garinsu a shekarar 1954, ta kammala midil a 1964 da kyakkyawan sakamako a lissafi da rubutu. Daga nan kawunta, wanda alhakin karatunta ke wuyansa, ya kai ta wata makarantar koyon aikin ofis a Cape Coast, inda ta shafe shekara biyu tana koyon buga tafireta da gajeren rubutu. Malamanta sun rubuta a takardar shaidarta cewa ɗaliba ce mai natsuwa da hazaƙa, sai dai tana da yawan tambaya.

Aikin gidan waya da aure

A watan Fabrairu na 1967 aka ɗauke ta aiki a gidan waya na Cape Coast a matsayin mai haɗa layi. Shekara bakwai ta yi a gaban allon nan mai ramuka da igiyoyi, kuma a tsawon wannan lokaci ta haddace halin layin kowane gari kamar yadda ake sanin halin maƙwabta: ta san layin da ke amsawa nan take, da wanda sai an yi haƙuri da shi, da wanda ke shaƙewa da zarar hadari ya haɗo.

A nan ne kuma ta haɗu da Kobina Amissah Hagan, tela kuma mai busa ƙaho a ƙungiyar badujalar coci, wanda ya ɗauki ɗabi'ar bugo waya kowace safiya daga shagon maƙwabcinsa yana tambayar ƙarfe nawa. Bayan wata uku ana haka, ta ce masa, “Bawan Allah, mahaifina mai gyaran agogo ne a Saltpond. Ka kai masa naka ya duba, mu huta.”

Ya ce, “Ai ba ni da agogo, baiwar Allah. Amma zan je in gaishe shi.”

Ya je kuwa. An ɗaura aurensu a watan Disamba na 1970, kuma Allah ya albarkace su da 'ya'ya biyar tsakanin 1971 da 1984, ɗaya ya rasu yana jariri.

A shekarar 1974 ta koma aiki da Haɗaɗɗiyar Ƙungiyar Asibitocin Karkara ta Gaɓar Teku, wadda ke kula da ƙananan asibitoci goma sha huɗu daga hedkwatarta a Cape Coast, inda aka ba ta teles, injin aika saƙo a rubuce ta layin waya. Shekara goma sha bakwai ta yi tana aika odar magani da karɓar amsa, har kowa a ofishin, babba da ƙarami, ya koma kiranta Anti Araba.

Zuwan kwamfuta

A farkon shekarar 1991 ƙungiyar ta sami gudummawar kwamfuta goma sha biyar, ɗaya ta hedkwata, sauran na asibitoci. Kowace ta asibiti ta zo da modem, wato ƙaramin akwatin da ke haɗa kwamfuta da layin tarho, domin ma'aikatan jinya su riƙa aiko da rahoto a rubuce maimakon jiran mota. Shugaban ƙungiyar, Dakta Ebo Essilfie, ya kira Anti Araba ya sanar da ita cikin ladabi cewa za a rufe teles a ƙarshen shekara, kuma ba ya ganin wani gurbi da ya rage mata. Shekararta arba'in da uku a lokacin, 'ya'yanta huɗu duk suna makaranta. Ta yi masa godiya, ta koma kujerarta, ba ta faɗa wa mijinta ba sai bayan mako biyu.

Aka ɗauko wani injiniya daga Akra, mai suna Odartey Quaye, mutum mai ilimi da fara'a, domin ya kafa na'urorin. Wata biyu yana fama. A Akra ya gwada su duka sun yi aiki, amma a nan da zarar ya ba da umarnin kira sai modem ya rubuta cewa babu layi, ko ya buga lambar ya katse kafin ɗaya ɓangaren ya ɗauka. Kwamitin ƙungiyar ya yanke shawarar cewa idan watan Yuni ya ƙare ba a ga sakamako ba, za a mayar da kayan cikin kwalayensu.

Teburin injiniyan yana kusa da na Anti Araba, saboda haka duk kukan da modem ke yi a kunnenta yake. Wata ranar Laraba da hantsi, bayan ya gwada kiran asibitin Assin Foso sau tara, ta dakatar da bugun da take yi ta ce, “Ɗana, wannan abin naka gaggawa gare shi.”

Ya yi dariya ya ce, “Anti, inji ne, ba shi da hali.”

Ta ce, “Shi ba shi da hali, amma layi yana da shi. Na Foso sai ka ƙirga goma bayan ka buga lambar gari kafin ya buɗe maka. Shi kuwa wannan yana zubo lambobin gaba ɗaya kamar mai korar kaji. Kuma wannan kiɗan da yake yi, tsohon injin gidan waya ba ya jin sa, sai ƙwanƙwasa irin ta tarho mai juyawa. Babu yadda za a ce masa ya dakata?”

Injiniya Odartey ya jawo littafin modem ɗin ya buɗe shafin umarni. Ya nuna mata cewa waƙafi ɗaya a cikin lamba yana nufin jiran daƙiƙa biyu, harafin P yana sa shi ƙwanƙwasa maimakon kiɗa, kuma akwai wurin da ake rubuta tsawon lokacin da zai jira kafin ya fid da rai. Ta sa ya zuba waƙafi biyar bayan lambar gari, ya mayar da jiran amsa daƙiƙa casa'in. Suka gwada. Modem ya ƙwanƙwasa, ya dakata, ya ci gaba, can sai ga shi yana ƙara da shaƙewa, sannan rubutu ya fito daga Foso. Injiniyan ya miƙe ya ba ta kujerarsa, ya ce, “Anti, zauna. Ni na san akwatin, ke kin san hanyar.”

Saitin farawa da maɓallan launi

Daga watan Yuni zuwa Nuwamba na 1991 Anti Araba ta zagaye asibitocin goma sha huɗu a motar magani, da littafin modem a jakarta da ƙunshin dokunu, wato tuwon masara mai tsami, da soyayyen kifi. A kowane gari takan ɗaga tarho ta saurara, ta ƙirga, sannan ta rubuta wa manhajar kira jerin umarnin da za ta riƙa karantawa da kanta a duk lokacin da aka kunna kwamfuta: saurin layi, tsawon jiran sautin farko, yawan waƙafi, da adadin ƙarar da za a bari kafin a ɗauka. Garuruwan da ke cikin kurmi ta yi musu saiti biyu, na rani mai gudun dubu biyu da ɗari huɗu, da na damina mai rabin haka, domin ta lura cewa jiƙaƙƙiyar waya ba ta ɗaukar sauri.

Matsala ta biyu ita ce ma'aikatan jinya, waɗanda yawancinsu ba su taɓa zama gaban allon bugu ba. Sista Adjoa Nyarkoa, babbar ungozomar asibitin Twifo Praso, ta faɗa mata gaskiya: “Araba, hannuna ya karɓi haihuwa ta fi dubu, amma wannan abin na rufe shi da zane. Idan na taɓa ya lalace, wa zai ji da Dakta?”

Wannan magana ce ta sa Anti Araba ta koyi rubuta makro, wato ɗora dogon jerin umarni a kan maɓalli guda. Ta sa maɓalli na farko a jeren sama ya kira hedkwata, ya jira, ya ba da sunan asibiti da kalmar sirri. Na biyu ya aika rahoton kayan magani, na uku ya kwaso saƙonni, na huɗu ya ajiye waya yadda ya kamata. Na biyar ta keɓe shi domin neman agaji, ta tsara shi yadda zai yi ta maimaita kira da kansa har sai ya samu shiga. Ta sayo jan farce kala-kala a kasuwar Kotokuraba ta ɗiga wa kowane maɓalli launinsa, na agajin ta ba shi ja. Ta ce wa Sista Adjoa, “Kore da safe, ruwan hoda da rana, ja kuwa Allah ya sa kada ki buƙace shi.”

A watan Disamba aka rufe teles kamar yadda aka tsara, kuma a wannan makon Dakta Essilfie ya miƙa mata takardar naɗi a matsayin jami'ar sadarwa ta ƙungiya. Mijinta ya koyi kwaikwayon kukan modem da ƙahonsa, ya riƙa tarbar ta da shi a ƙofar gida, har maƙwabta suka kai ƙararsa wurin limamin coci.

Abin da ya faru a daminar 1993

Ranar sha bakwai ga Yuni na 1993, da misalin ƙarfe biyu na rana, aka kawo wata manomiyar koko mai suna Yaa Dufie asibitin Twifo Praso, macijiya kasa ta sare ta a ƙafa. Babu maganin dafi a asibitin, ruwa ya cinye hanyar Cape Coast, layin tarho kuma a cunkushe yake. Sista Adjoa ta rubuta layi biyu, ta danna jan maɓalli, ta koma kan majinyaciyar. Kwamfuta ta yi ta kira ita kaɗai a ɗakin, har a karo na talatin da bakwai ta shiga.

Anti Araba na cin abinci a teburinta saƙon ya fito. Ta ture kwanon, ta buɗe rahotannin da asibitoci suka aiko da safiyar ranar, ta ga na Dunkwa yana da kwalba huɗu, kuma hanyarsa ta arewa ce, ba ruwanta da inda ya yanke. Ta aika musu, suka ɗora wa mai babur, maganin ya isa kafin faɗuwar rana. Yaa Dufie ta rayu da ƙafarta. Bayan wata biyu ta zo Cape Coast da buhun ayaba da kaza, tana tambayar ina likitan da ya cece ta, aka nuna mata wata mata mai tabarau a gaban kwamfuta. Anti Araba ta karɓi ayabar ta raba wa ofis, kazar kuwa ta ce a mayar wa Sista Adjoa.

Bayan wannan ne ƙungiyoyin manoma da makarantu suka fara neman ta, har ta saita layi a garuruwa arba'in da ɗaya, ta kuma koyar da mata sittin da 'yan kai wannan aiki.

Shekarun ƙarshe

Zuwa shekarar 2001 intanet ta maye gurbin tsohon tsarin, aka kwashe modem ɗin zuwa ɗakin ajiya. Ba ta nuna damuwa ba, ta koyi sabon tsarin ta ci gaba da aiki har ta yi ritaya a watan Maris na 2008. Ta koma Saltpond tare da mijinta, inda ta zama shugabar matan coci, ta kuma buɗe zaman ranar Alhamis a barandar gidanta domin koya wa tsofaffin mata masu sayar da kifi amfani da wayar hannu. Sharaɗinta ɗaya ne: kowace ta danna da yatsanta, ba a danna wa kowa.

Rasuwa da jana'iza

Araba Otuwa Bentsil ta rasu a gidanta ranar Asabar, huɗu ga watan Satumba na 2021, bayan gajeriyar rashin lafiya, tana da shekara saba'in da uku. Dangin mahaifiyarta ne suka sanya ranar jana'iza bayan mako shida, aka yi addu'a a cocinsu, jama'a sanye da fari da baƙi kamar yadda ake yi wa wanda ya tsufa cikin mutunci, sannan aka binne ta a maƙabartar garin kusa da mahaifiyarta.

Ta bar 'ya'ya huɗu: Ekow Amissah Hagan, malamin makaranta a Takoradi, Efua Hagan Mensah, ma'aikaciyar jinya a Kumasi, Kwamena Hagan, wanda ya gaji shagon ɗinki, da Aba Otuwa Hagan, injiniyar lantarki a Tema, tare da jikoki goma sha ɗaya. Ta kuma bar mijinta, Egya Kobina, wanda da aka nemi ya yi jawabi a bakin kabari ya cire hularsa ya ce, “Shekara hamsin da ɗaya muna tare. Ban taɓa cin gardama da ita ba, kuma ban yi asarar komai ba.”