Abin Da Na Ɓoye A Ƙarƙashin Daddawa

Da kaka ne, a shekarar da gero ya yi kyau har mutanen Gwiwa suka rasa rumbun zubawa, amma a gidanmu babu wanda ya ji daɗin tuwon sabon hatsi. Malam, mijina, ya rasu kafin girbi. Ya bar mini ɗa ɗaya, Nafi'u, da gona a Gwiwa. A Kazaure muke zaune, sana'ata daddawa. In dafa kalwa, in rufe ta har ta nuna, in daka, in kai kasuwar Roni da ta Babura. Har lokacin, ko allurar wani ban taɓa ɗauka ba. A ajin yaƙi da jahilci na koyi riƙe alƙalami, don haka 'ya'yana, ku yi haƙuri da rubutun, ku ɗauki maganar.

Nafi'u bakanike ne a wani gareji. Bayan rasuwar babansa sai ya tsiri maganar tafiya Agadas, daga can ya keta hamada. Abokansa biyu sun bi wannan hanya, har yau iyayensu ba su san ko za su zauna makoki ba. Na yi kuka, na roƙe shi. Ya ce, "To Inna, ki bar ni in sayar da gonar in sayo mota. In gyara ta, in sayar wa 'ya'yan masu kuɗi a Kano, in sayo wata. Mai sana'a ina za shi?" Na amince. A raina na ce ƙarfe zai ɗaure mini shi a gida.

Daga Kwatano ya kawo ta, ruwan toka, cikinta kamar zai taɓa ƙasa. Na leƙa kujerar baya, ko akuya ba za ta zauna ba.

"Wannan buhu nawa take ɗauka?" na tambaye shi.

"Haba Inna, ba ta buhu ba ce. Turbo gare ta, iska take zuƙa ta ƙara wa injin ƙarfi. Sai dai masu ƙera ta sun toshe mata hanci, ni zan buɗe."

Da ƙananan abubuwa masu araha ya fara. Ya sa mata matatar iska mai kama da mazurari. Ya ɗaura wani ɗan bawul da ke yin "fisss" duk sanda ya ɗaga ƙafa daga totur. Maƙwabta suka tsani ƙarar, ni kuwa na so ta. Ina tsakar gida ina daka, da na jiyo ta daga kan kwana sai hankalina ya kwanta, ɗana yana gari.

Sai ya zo kan salansa. A cikin bututunta akwai wani abu mai ramuka kamar saƙar zuma, wai shi ke tace hayaƙi. Ya fasa ya cire, motar ta ƙara ruri. Ya ce akwai ɗan gwangwan a Babura da ke sayen irinsa da tsada. "Tunda gobe kasuwa, ki miƙa masa, Inna." Nasa ne, halal ne. Na naɗe shi da tsumma, na sa a gindin daro don kada ya farfashe, na jera daddawa a kai.

A shingen hanya jami'ai suka sauke maza suna zazzage musu jakunkuna. Da aka zo kaina na ɗaga faifan, ɗaya ya toshe hanci yana dariya. "Mama, rufe, rufe, kin kashe mu! Allah ya kiyaye hanya." Furfurata da warin kayana suka wuce da ni. Da na dawo na ba Nafi'u labari muna dariya. Ashe ni da bakina na nuna masa ƙofa.

Wani makon ya kawo na biyu. Na ce, "Nafi'u, motar taka hanci nawa gare ta?"

Ya sunkuyar da kai. "Na motocin da ake kawowa gyara ne. Masu su ba su ma san da shi ba."

"Sata ce, ɗana."

Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Shi ke nan. In na tsaya a nan ba mai sayenta, gonar ta tafi a banza. Direban Agadas dai yana nan."

Na daɗe ina kallon daron. Na ɗauka.

Daga nan ban sake tambaya ba. Kowace kasuwa da nauyin da ba na daddawa ba a kaina. Motar ta sami sababbin ƙafafu masu ƙyalli. Ya kai ta Kano aka jona ƙwaƙwalwarta da kwamfuta, aka ƙara wa turbon matsi. Ina idar da salla in yi istigfari, da safe in naɗe wani a tsumma. Hausawa sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ni ce daddawar.

Wata rana maigidansa na gareji, dattijo mai kunya, ya zo gaishe ni. Bai san abin da ake yi a bayan idonsa ba. Ya ce, "Inna, ki yi wa yaron nan magana. Ya ƙara wa doki ƙarfi, linzamin kuwa tsoho ne. Birkin da ta zo da shi daga Kwatano ne har yanzu." Na yi wa Nafi'u magana. Ya ce, "Birki ba ya ƙara gudu, Inna, masu saye ruri suke so su ji. Amma ki kai wannan na ƙarshe, kuɗinsa na birki ne. Wallahi daga shi na daina."

Wannan na ƙarshen ne bai isa Babura ba. Wani malamin makaranta ya kai motarsa Kano saboda warin hayaƙi, aka gano an yashe mata salansa. Bincike ya kai ga ɗan gwangwan, shi kuma ya ce wata mai daddawa ce ke kawo masa. Ranar, mace aka ajiye a shingen. Na ɗaga faifai ina jiran a ce in rufe. Ta naɗe hannun riga ta ce, "Mama, ni ma da daddawa aka raine ni." Ta zura hannu har gindin daro. Matan da muka shekara muna shiga mota ɗaya suka kawar da kai.

A gaban alƙali na ce wasu yara ne da ban sani ba ke sayar mini. Aka juya ni, aka sake juya ni, ban kira sunan Nafi'u ba. Aka kai ni gidan yari. Ba zan ba ku labarin wurin ba, sai dai in ce na ga matan da na isa in yi jika da su suna kira na ɓarauniya, kuma ba su yi ƙarya ba. Da farko Nafi'u yana zuwa da abinci, an kore shi daga gareji, ya rame. Kullum in ce, "Birkin fa?" Ya ce, "An kusa, Inna." Sai ya daina zuwa.

Ranar da aka sake ni ƙanena Idi ne ya tarye ni. Sai da muka shiga gida ya faɗa mini. Ranar kasuwar Roni Nafi'u ya ɗauki mai saye suna gwada motar. A kwanar gindin dutse wata mai tallan nono tana tsallakawa, ya taka birki, birki bai riƙe ba. Ta rasu nan take, ta bar jaririya. Nafi'u ya fito, ya duba, ya ruga. An gan shi a Babura a bayan babur, sun nufi iyaka. Magana ta ƙarshe da aka ji daga gare shi, daga Agadas ce.

'Ya'yana, na tuba ga Allah, amma tuba ba ta dawo da mamaci, ba ta dawo da wanda hamada ta haɗiye. Kai mai sabuwar mota, in kuɗinka na abu ɗaya ne, sayi abin da zai tsayar da ita kafin abin da zai sa ta gudu. Abin da ba ka da halinsa, bar shi. Kada ka ɗora wa uwarka kayan da za ta ji kunyar buɗewa, domin za ta ɗauka. Ku kuma iyaye mata, ɗan da kuka riƙe da haram ba ku riƙe shi ba.

Da yammacin ranar na zauna a tsakar gida har aka kira magariba, ina sauraren kan kwana. Babura suka wuce, keke-napep suka wuce. Ba "fisss".

Washegari na ƙulla sabulu da 'yan kayan jarirai a kwano, na rufe, na shiga motar Roni don in nemi rugar da aka bar marainiyar. A shinge wani sabon yaro ya leƙo, ya ga furfura, ya ce, "Mama, a wuce, a sa mu a addu'a." Na buɗe kwanon, na miƙa masa ta taga. Direba yana ta ƙorafi, ban janye hannuna ba sai da ya duba har ƙasa.