Idon Kubura a Akwatin Sada

Sada na Mawashi manomi ne, hoto kuwa sha'awa ce kawai. Akwatin hoton daga yaƙin Bama ya dawo da shi, wani baƙin abu mai ɗan madubi a ka, wanda ake riƙewa daidai cibiya a sunkuya a leƙa. In fim ya ƙare, sai ya taka zuwa Kankia ya ba Ummaru, direban motar gyaɗa, ya kai Kano a wanke.

Na farko duk baƙi ƙirin suka dawo. Ummaru ya ce lalle ya ɗauki cikin rumbu da kyau. Mai wankin ya aiko da saƙo, wai ya riƙa ba rana baya, kuma kafin ya danna ya ɗago kai ya ce wa mutum kada ya motsa. Ya bi. A hankali hannunsa ya faɗa. Ya gane hantsi ya fi rana tsaka, inuwar ɗorawa kuma tana tausasa fuska. Ya ɗauki shanun Jaji Bafillace a mashaya, ya ɗauki mata a masussuka, har aka fara cewa ya iya.

Shi dai abu ɗaya yake nema, idon uwarsa Kubura. Ɗan fari ne, Kubura kuwa mai kunya ce irin ta mutanen da. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa yarda sun haɗa ido ba. Ko ranar da ya dawo daga yaƙi, ƙwaryar fura ta turo masa tana kallon danga. Duk sa'ad da ya saita ta, ya ɗago ya ce, "Inna, kada ki motsa," sai ta kau da kai. Hotunanta suka taru, daga kunne sai ƙeya sai gefen mayafi. Bai yi fushi ba. Tun Bama ba kasafai abu ke taɓa shi ba.

Da kaka ciwo ya kwantar da ita. Wata safiya aka fito da ita shan hantsi, ya ɗauko akwatin ya sunkuya. Ya gaji da maganar nan, bai ɗago ba, bai ce uffan ba, ya danna. Madubin ƙarami ne, siffa kawai yake nunawa.

Fim ɗin yana Kano ta rasu. Bayan sadakar bakwai Ummaru ya kawo hotunan, Sada ya duba nan bakin mota. Ga Kubura ta zuba masa ido, ba ta ko ƙifta ba. Ashe duk lokacin da kansa ke sunkuye haka take yi.

Ummaru ya leƙo. "Wannan kam ya fita, Soja. Wa take kallo haka?"

"Ni," in ji Sada.

Ya sa hoton a aljihu, ya sayi gishirin da matarsa ta aike shi, ya kama hanyar Mawashi. Akwatin ya rataye shi a ɗaki, bai ƙara sayen fim ba.