Jitar da Malam Garba Bai Sayar Ba

Ana sanar da ɗaukacin jama'ar Yelwa, da na Wara da Shanga, musamman dattawan da ke zama gindin durumin tashar jiragen ruwa, cewa jitata ta dawo gida. Ta iso ranar Talata da hantsi, naɗe cikin zanen atamfa, lafiyarta lau. Wanda ya ce an sayar da ita a Ikko, da wanda ya rantse ya gan ta a hannun wani makaɗi a Kwantagora, suna iya zuwa su gaishe ta.

Hajara ce ta kawo ta, 'yar Malam Garba Mai Gizago, masassaƙin jiragen ruwa. Kwana huɗu kafin nan ina cikin aji, wani direban jirgi ya tsaya a taga ya ce, "Malam, Garba ya riga mu gidan gaskiya, bayan la'asar za a kai shi." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Mako biyu ya yi yana jinya. Ban sani ba, ban je ba.

A wurin zaman makoki na ji abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Kowa ya shigo sai ya ce, "Allahu akbar, mutum ne mai amana." Har da Alhajin da ya janye jiragensa biyu daga rumfar marigayin ya kai wa masu liƙe ɓaraka da kwalta da gwangwani. Har da wanda ya laƙaba masa suna Garba Ci-Jita. Bakin da ya yi shekara guda yana cin namansa, shi ne yau yake zuba masa zuma. Ku ji kunya mana! Yabon da ba a ba mai rai ba, me gawa za ta yi da shi?

Bari in faɗi yadda abin yake. Jitar ta lantarki ce, tsohuwa, wani injiniya ya bar wa yayana ita lokacin da ake gina madatsar Kainji, da yayan nawa ya rasu ta zama tawa. A ƙarƙashin tsirkiyoyinta akwai wani ƙarfe mai maganaɗisu da ke ɗaukar sauti ya kai wa lasifika. Makaɗa suna ce masa fikof, Malam Garba kuwa kunne yake ce masa. Wani mai gyaran rediyo, Allah ya shirye shi, ya taɓa sa kurfi ya faɗaɗa gurbin kunnen nan har ya zama kamar ramin gafiya. Ramukan sukuru suka cinye, ya cusa musu tsinken ashana, ya tokare sauran da kwali. Kana kaɗa ta, kunnen yana rawa, tana kuka kamar tsohuwar ƙofa.

A shekarar da aka raba mu da Sakkwato aka ba mu Jihar Kebbi na kai masa ita. Ya juya ta, ya shinshina cikin ramin, ya ce, "Maɗaci ne. Wayar lantarki ba tawa ba ce, Malam, amma iccen nan na san shi. Wa ya yi mata wanga aiki?"

Na ce, "Wani gwani."

Ya ce, "Gwanin ɓarna dai. Haƙa rami ba wuya. Mai da rami baya, shi ne aiki."

Na tambaye shi kwana nawa. Ya ce, "Damina nawa za ka ce."

Na ɗauka wasa yake yi. Aka naɗa ma'aikatan sabuwar jiha, suka tare a Birnin Kebbi, aka canza allunan makarantu, jitata ba ta fito ba. In na je rumfarsa ba na ganinta. In na tambaya sai ya ce, "Tana inda take hutawa. Ba a nuna wa mutum abinsa da ciki a buɗe." Daga nan magana ta fita a gindin durumi cewa Garba ya sayar da kayan amana. Kafin damina ta zagayo, rumfar da ake layi a ƙofarta ta koma wurin kwanan awaki.

Mutumin da kuka yi wa haka, kun san shi. Shi ne wanda ya hana a ɗora wa jirgin Wara buhunan albasa fiye da ƙima, ya zauna a kan igiyar da aka ɗaure jirgin har aka sauke biyar. Shi ne ya gyara bencinan cocin ƙauyen su Inna Hajo, matarsa, inda 'yan'uwanta ke ibada, ya dawo ya gyara ƙofar masallacin unguwarmu a mako guda, da gizago guda. In ya ga ƙusa a hanya sai ya tsince ta. Yana da taurin kai, ban musa ba. Da ya buɗe baki ya yi bayani sau ɗaya, da an huta. Amma taurin kai ba sata ba ne.

Hajara ta zauna a zaurena ta faɗa mini abin da ya ƙi faɗa. Daga jikin wani tsohon jirgin kakanta ya yanko guntun maɗaci, wanda ya girmi jitar ma. Ya gyara bakin ramin ya miƙe, ya sassaƙa toshiya daidai da shi, jijiyar itace ta bi jijiyar itace. Sai ya rataye jitar da toshiyar tare a rufin ɗakin Inna Hajo, su sha damina da rani, su kumbura tare, su motse tare. Ta ce yakan ce, "Icce ko ya mutu yana numfashi. Toshiyar da ba ta ga damina ba baƙuwa ce, ranar da ta ga dama za ta tashi." Bayan ya liƙa da gam ya sake jiran wata damina, sannan ya fafe sabon gurbi daidai jikin kunnen. Tsoffin ramukan sukuru ya cike su da turakun iccen ƙirya, ya huda sababbi. Sukurorin kansu suna cikin gwangwanin tumatir, jiƙe da mai, ko ɗaya bai ɓata ba. Ya ɗaura na ƙarshe kwana uku kafin ya kwanta.

Na ce, "Ya ji abin da ake faɗa a gari?"

Ta ce, "Ya ji, Malam. Har wanda ya fara faɗa an gaya mishi."

"Me ya ce?"

"Cewa ya yi, ku bar shi, mai karatu ne, su da gaggawa aka san su. In ya gan ta zai huce."

Da ta tafi na bi wurin gyaran da farce, ban sami inda sabo ya haɗu da tsoho ba. Na jona ta a lasifika na taɓa tsirkiya ɗaya. Kunnen bai motsa ba. Muryar da na rabu da ji tun yayana yana raye, ita ce ta cika zauren. Ban iya taɓa tsirkiya ta biyu ba.

Allah ya jiƙan Malam Garba, ya yafe masa kurakuransa, ya yalwata masa kabarinsa, ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah ya ba Inna Hajo da Hajara da sauran iyali haƙurin rashinsa, ya tsare musu mutuncin da ya bar musu. Mu kuma, in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani.

Saura magana ɗaya, dattawan gindin durumi sun san ta. Wanda ya fara cewa Garba ya sayar da jitar, ni ne. Ban yi daidai ba. Gobe bayan la'asar zan zo da jitar gindin durumin, in faɗi haka a inda na faɗi waccan.