Manhajar da Baba Liman ya kira wakafi

Ina cikin nuna wa kwamitin masallacin unguwarmu a Kaura Namoda zanen sabon gini, sai Baba Liman ya miƙo hannu ya rufe kwamfutar.

"Ɗana, an ce mani abin da kuke zane da shi, sato shi kuke yi. In wanga na sata ne, ba mu aza bulo guda bisa shi. Ɗakin Allah ne."

Kuma bai yi ƙarya ba. Manhajar zanen gini ta kamfani tsada gare ta, masu sana'armu da yawa fasa makullinta suke yi.

Na ce, "Baba, wannan daban ce. Mutane ne daga ƙasashe barkatai suka haɗu suka ƙera ta, suka bar ta a buɗe. Kowa ya ɗauka, mai iyawa ya gyara, ba a biyan ko sisi."

"To su mi sunka samu?"

"Ba komai, Baba."

Can sai ya buɗe kwamfutar da hannunsa.

"Ashe wakafi ne, kamar rijiyar bakin hanya. Ba ni sunayensu in sa su addu'a."

Na ce wallahi ko mutum ɗaya ban sani ba.

Ya ɗaga hannuwa sama. "Ba komi. Wanda za ni roƙo ya san su."

Na daɗe ina cin abinci da manhajar nan, bai taɓa faɗo mini a rai in gode wa kowa ba.

Ku fa, rijiyar wa kuke sha ba ku san sunansa ba?