Ɗorawar Gwaggo a Lambun Alhaji

Shekarar da aka datse gulbi a Bakolori, ruwa ya fara hawa gonakin mutanen Maradun, ita ce shekarar da mahaifina ya sayar da gonarmu ta bakin hanya, a gefen Talata Mafara. Mu ruwa bai kai gare mu ba. Abin da ya iso mana baƙi ne, da tifofi, da arziki a hannun waɗanda ba su saba da shi ba.

Wanda ya sayi gonar wani Alhaji ne ɗan Bakura, da can dillalin awaki, ya samu kwangilar kai yashi wurin aikin madatsar. Ina zaune aka yi cinikin a zauren mahaifina, Allah ya jiƙansa. A tsakiyar gonar akwai wata babbar ɗorawa, ita kuwa ba ta mahaifina ba ce, ta ƙanwarsa ce, Gwaggo, ita ta faɗo mata a rabon gado. A wurinmu wannan ba baƙon abu ba ne: ƙasa tana zama ta wani, itacen da ke kanta na wani. Mahaifina ya faɗi haka a gaban shaidu. Alhaji ya ce ya ji, har ya yi dariya, ya ce shi mai son miya ne, ba ya faɗa da mai daddawa.

Mijin Gwaggo ya daɗe da rasuwa, ba ta kuma da ɗa a raye. Ɗorawar nan ce ta riƙe ta. Da bazara takan sa a kaɗo 'ya'yan da gora mai ƙugiya, ta sayar da garin, ta sayar wa magina makuba, wato ɓawon, don shafen gini, kalwar kuwa ta dafa ta yi daddawa ta kai kasuwa ran Talata. Ko sabulu ba ta taɓa roƙon kowa ba.

Alhaji bai noma gonar ba. Katanga ya zagaya mata, ya dasa mangwaro da furanni. Ashe ya taɓa shiga gidajen Turawan da ke aikin, ya ji kiɗa yana fitowa daga cikin shuke-shuke, ya duba bai ga rediyo ba. Abin ya tsaya masa a rai. Ya ce shi ma haka zai yi, manyan ma'aikata su riƙa zuwa shan inuwa a lambunsa, kwangila ta ƙaru. Ya sayo lasifikoki masu launin ganye, gajeru, kamar an kife ƙananan turame, ya kuma ɗauko wani mai haɗa waya daga Maradun, wanda gonarsa na cikin waɗanda ruwa ya ci.

Ranar da aka fara aikin Gwaggo ta aiko na raka ta. Muka tarar an shata zobe kewaye da ɗorawar, ana haƙa siririn rami inda za a binne waya cikin bututun roba, daga ɗakin injin wuta zuwa gindin kowace lasifika. Duk inda diga ta ci karo da saiwa, sai a kawo gatari.

Bayan an gaisa, an tambayi gida da iyali da gajiya, Gwaggo ta ce, "Alhaji, mi aka yi wa iccena?"

"Ba wanda ya taɓa shi, Inna. Duba, ko ƙusa ban buga mai ba. Ƙasa muka haƙa, ƙasa kuwa tawa ta."

"Saiwar hwa? Ta wa ta?"

"To, ai cikin ƙasata take kwance," in ji shi, yana murmushi.

Na sa baki na ce a ɗan ja ramin baya, ko a bi da wayar ta kan katanga. Mai wayar ya ɗago kai ya ce hakan ma ya fi sauƙi. Alhaji ya ce in aka ga waya aikin ya ɓaci, shi so yake baƙo ya waiga ya rasa inda kiɗan ke fitowa. Ya juyo gare ni.

"Malam, kai koma wurin allonka, wanga ba karatu ba na."

Mai wayar ya duƙa ya ci gaba. Ban ga laifinsa ba, yana da bakunan ciyarwa.

Da suka gama binne wayar suka kafa lasifikokin a tsakanin furanni, aka gwada, aka juya wannan ta fuskanci gabas, aka matsar da waccan don tana yi wa 'yar'uwarta amo. Sannan aka zuba daɓen siminti tun daga zoben har jikin itacen, don kujeru su zauna daidai. Ruwan sama kuwa aka yi masa hanya ya bi ya fice ta ƙarƙashin katanga.

Bazarar farko ɗorawar ta yi 'ya'ya, ba kamar da ba. Sai da Gwaggo ta tsaya a ƙofa mai gadi ya je ya tambayo kafin ta shiga. Tana tsintar kayanta a kan siminti, kiɗa na tashi daga bayan furanni, wani baƙo mai farin wando ya ce a gaya wa tsohuwar nan ta yi sauri, tana zubar musu da shara. Bazara ta biyu rabin rassan ba su fitar da tutu, furen ɗorawa, ba. Daga nan ganye ya riƙa zuba cikin damina, ɓawo ya tsage, gara ta hau.

Mun kai magana gaban dattawa. Suka ce itace nata ne, ba shakka, amma ba wanda ya sare shi, kuma ba su taɓa jin an yi shari'ar saiwa ba. Alhaji ya aiko mata da kuɗi ta mayar, ta ce ita ba ta sayar da kome ba.

Ta koma sayen kalwa a kasuwa, abin da ke saura bayan ta sayar da daddawar bai kai ya riƙe ta ba. Ranar da ta fara karɓar akushin tuwo daga gidana ba ta dubi fuskar matata ba. Wannan ya fi mutuwar itacen yi mini ciwo.

Aikin madatsa ya ƙare, Turawa suka tafi, baƙi suka daina zuwa lambun. Bayan wasu shekaru ciwo ya kama Alhaji, ya rame har riga ta yi masa yawa. Wata safiya ya yi sallama a zaurena, ya ce in kai shi wurin Gwaggo. Ya durƙusa a ƙofar ɗakinta.

"Inna, na zo neman gahwara. Ina tsoron in tahi da hakkinki."

Ta daɗe tana tsintar tsakuwa a cikin kalwa kafin ta amsa.

"Iccena na nan tsaye?"

"Shina nan, amma ya bushe."

"Busasshe ma nawa na. Ka kawo mani shi ƙohwar ɗakina, har kututturen."

Aka sare itacen, amma ba a iya tono kututturen ba sai da aka fasa daɓen. Diga ta riƙa fito da wayar guntu-guntu, aka ciccire lasifikokin aka jingine su a gefen katanga, tsatsa ta cinye bakinsu. Alhaji yana zaune a kujera yana kallo, bai ce a yi a hankali ba. Tifarsa ɗaya da ta rage ita ta kwaso itacen. Ya biyo tifar, aka riƙe shi ya sauko, ya ɗauki faskare guda da hannunsa ya ajiye a gaban Gwaggo.

Ta zagaya tulin itacen tana dubawa, ta taɓa wurin da gatari ya bi ta saiwa.

"Ya cika," in ji ta. "Tahi, na yahe maka duniya da lahira."

Ya yi kuka, ita ba ta yi ba. Bai ga wata damina ba, Allah ya gafarta mana da shi. Ita kuwa da itacen ɗorawarta ta dafa kalwar kasuwa har ya ƙare, tuwon gidana kuma bai daina zuwa ɗakinta ba.