Bututun da Bai Yi Zafi Ba

Da asuba, kafin marasa lafiya su iso, Gwaggon Ruwa tana bin bangon ɗakin wankin ƙoda, bayan hannunta a kan bututu. Ta saki ruwan zafi yana zagayawa, ita kuma tana bin sa taku-taku kamar mai lalube. Ni ne mai gyaran famfo na asibitin. An ce in tsaya kusa ko za a neme ni.

Shekara goma sha tara tana riƙe da ɗakin tace ruwa, daga nan sunan ya bi ta. Karatunta bai wuce firamare ba. Ba ta iya dogon bayani ba, ni kuma ba na son jin sa, shi ya sa muke shiri.

Mako uku ke nan hankalin kowa a tashe. Sai a ɗora mutum a kan na'ura lafiya lau, kafin awa guda ya kama rawar ɗari, haƙora na haɗuwa. An gwada ruwan, akwai ƙwayoyin cuta. Aka zuba magani mai ƙarfi, aka bi da ruwa mai kusan tafasa. Bayan kwana huɗu suka dawo. Aka sake, suka sake dawowa. Babban likita ya ce gwaji na uku shi ne na ƙarshe, in ya fito da datti za a rufe sashen. Mutum talatin da ɗaya ke zuwa wanki a nan, asibiti na gaba mai irin na'urar kuwa tafiyar yini ce. Cikinsu akwai wani tela da in ya kwana huɗu ba wanki numfashi ke gagarar sa.

Ma'aikacin ɗakin gwaji ne ya yi mana bayani a tsaye a bakin ƙofa.

"Ba a cikin ruwan suke zaune ba, Gwaggo. Manne suke a jikin bututu, sun lulluɓe kansu da yauƙi. Magani na saman yake ci, kafin ya ratsa ƙasa ƙarfinsa ya ƙare. Zafin ma in bai kai ba ko bai daɗe ba, na can ciki suna kwance abinsu."

"Wato santsin cikin bokiti," in ji ta. "Ɗauraya ba ta fitar da shi sai soso. To ta ina zan zura soso?"

Ya koma ɗakinsa.

A asubar da nake faɗa, ta tsaya cak a gaban wata kabad ta ƙarfe da bututun ya bi ta bayanta. Ta ce in ja. Na ja. A ƙasa akwai wani reshe, tsawonsa bai fi kamu ɗaya ba, an toshe bakinsa.

"Ɗan'uwa, taɓa nan."

Babban bututun ya ƙona ni. Reshen kuwa ɗumi-ɗumi ne a gindi, bakinsa sanyi ƙalau. Ruwa ya shiga ya kwanta, magani ba ya isa wurin, zafi ma haka.

"Wa ya toshe wannan?"

Na san wanda ya toshe. Shekara biyu da suka wuce an cire gado na tara, wanda reshen ke kai wa ruwa. Kamata ya yi in yanke reshen daga tushe, amma sai an kashe ruwa rabin yini, ni kuma na gaji. Na ɗaura masa murfi na tura kabad. Da na ce ɗan kwangila ne, ba mai ƙaryata ni. Tana kallona, hannunta bai bar bututun ba.

"Ni ne."

"Ka kyauta," ta ce. "Zartonka yana nan, ko shi ma ka toshe shi?"

Na yanke. Ta zura yatsa ta fito da wani abu ruwan ƙasa mai yauƙi da wari, ta ɗaga mini a gaban hanci, ta je ta wanke hannu. Muka canza bututun har lanƙwasa biyu gaba, ta sake sakin magani da zafi. Babban likita kuwa da ƙafata na je na gaya masa. Abin da ya faɗa mini na cancanta.

Washegari aka ɗora tela.

"Gwaggo, yau ma rawa za a sa ni? Ban zo da makaɗi ba."

"Kwanta ka yi shiru, tsoho da kai sai baki."

Ta tsaya a kansa da bargo a hannu, ni ina bakin ƙofa ina kallon agogo. Rabin awa. Awa guda. Ya motsa, ta matso da bargon. Ashe gyara kwanciya ya yi, can sai minshari.

Sakamakon gwaji na uku ya fito bayan kwana biyar, ruwa tsaf. Ba a rufe sashen ba.

Wata bakwai bayan haka ta yi ritaya. Ranar ƙarshe na same ta da asuba ta saki ruwan zafi. Ta bi bututun tun daga ɗakin tace ruwa, ta durƙusa da ƙyar a inda kabad take a da, ta ɗora bayan hannu a kan gyaran da na yi. Ta janye da sauri, ta hura hannun, sannan ta rataye makulli a ƙusa.