Goron Biko

Ba wannan ne yajin farko da Yaya ta yi daga gidan mijinta Isa ba. A da tana shigowa da faɗa da kuka. Wannan karon ɗan kabu-kabu ya sauke ta ƙofar gidanmu a Sabon Birni, ta shigo a hankali, hannun hagu naɗe cikin mayafi.

Inna ta ce, "Mi kinka yi mai kuma?"

Na ce, "Inna, dubi hannunta mana."

A gidanmu biko hanyarsa ɗaya. Dangin miji su kawo goro, in Baba ya fasa ya raba, magana ta ƙare, mace ta ɗauki ƙunshinta ta bi su. Ba a tambayarta.

Da safe Inna ta ce a kira mai ɗori, a rufa asiri. Na ce asibiti za ni kai ta, wanda zai ji kunya ya ji. Nas ɗin, wata dattijuwa, ta ce karaya ce, kuma ga wata tsohuwar karaya kusa da ita da ta haɗe a karkace. Yaya ta ce faɗuwa ta yi bakin rijiya.

"Ɗiyata, rijiyar ga ta karya mata da yawa," in ji nas.

Ta ce alƙali na sauraron irin wannan, duka hujja ce ta raba aure, likita zai yi shaida, ofishin jin daɗin jama'a ma na rakiya. Amma sai Yaya ta faɗa da bakinta.

Muka dawo muka tarar da kawun mijin a zaure, goro a faranti gaban Baba. Yana ta murmushi. "Malam, zafin rai ne kawai, yaron ya yi nadama."

Na ja Yaya cikin zauren, na ɗaga hannunta da aka ɗaure da filasta a gabansu.

"Ke, fita!" Baba ya daka mini tsawa.

Ban fita ba. Ya riga ya ɗauki goro ɗaya.

Yaya ta yi magana can ƙasa. "Baba, Isa ya ce in na koma, ba ni ƙara fitowa da ƙafata."

Baba ya daɗe yana kallon hannun. Ya mayar da goron, ya tura farantin.

Kawun ya miƙe, ya kaɗe rigarsa a hankali. Murmushin ya tafi. A bakin ƙofa ya juyo, ni ya kalla.

"To. Shi da kainai za ya zo."

Sai da ƙarar babur ɗinsa ta ɓace Baba ya ce mini, "Wace rana alƙali ka zama?"